Ina ɗauke da kumburin babbar jijiyar jini, kuma likita ya ce in jira

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata cuta da ban taɓa jin an ambace ta a kasuwa ko a majalisa ko a gidan rediyo ba, har sai ranar da aka gaya mini cewa ina ɗauke da ita. Ni mutumin Zariya ne, na karantar a makarantar firamare shekara goma sha ɗaya kafin neman abinci ya kawo ni Legas, inda nake zaune a Agege, ina kuma harkar albasa a kasuwar Mile 12. Shekaruna 64.

Shekara uku da suka wuce, matsalar fitsari irin ta dattawa ta kai ni ɗaukar hoton ciki, wanda aka fi sani da sikanin. Mai ɗaukar hoton ya gama duba mafitsara, sai na ga ya hau saman cibiya ya daɗe yana goga na'urarsa a wuri ɗaya, daga nan ya fita ya kirawo wani na gaba da shi. Abin da suka gani ba shi da alaƙa da fitsari. Akwai wata babbar jijiya da ke fitowa daga zuciya, ta lanƙwasa a ƙirji, ta gangaro ta gaban ƙashin baya har zuwa daidai cibiya, inda ta rabu biyu zuwa ƙafafu. Likitoci suna kiranta ayota, kuma ita ce uwar duk jijiyoyin da ke raba jini a jiki. Faɗinta a cikin cikin babban mutum wajen santimita 2 ne. Idan bangonta ya yi rauni sai ta fara buɗewa sannu a hankali, kamar yadda gefen tsohuwar taya kan tasa a inda zarenta ya tsinke, kuma da zarar faɗin ya kai santimita 3 sai a ce mutum yana da kumburin da ake kira aniyurizim. Nawa ya kai 4.3 a wannan rana, alhali ban taɓa jin ko ɗan tsuki a wurin ba. Haka cutar take ga mafi yawan masu ita, ba ta ciwo, ba ta sa rama, ba ta hana cin abinci, wasu ne kawai kan ji wani abu yana bugawa kusa da cibiya kamar zuciya ta biyu. Abin tsoronta ɗaya ne, wato ranar da bangon zai fashe jini ya zuba a cikin ciki.

Da na ji wannan bayani, mahaifinmu ne ya faɗo mini a rai. Allah Ya jiƙansa, ya rasu yana da ƙarfinsa, bayan ya dawo daga gona da yamma ya ce bayansa zai tsage, ya jiƙe sharkaf da gumi, kafin a samo motar da za ta kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Mutane da yawa suka ce jifa ne, kuma wannan zargi ya raba zumuncin gidaje biyu har yau. Babu wanda ya duba cikinsa, saboda haka ba zan rantse a kan abin da ya kashe shi ba, amma shi ma, kamar ni, ya sha taba shekaru da dama, kuma likita ya tabbatar mini cewa wannan kumburi yana bin jini, wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi shi ya fi sauran mutane kusa da kamuwa.

Aka tura ni wurin likitan tiyatar jijiyoyi a wani asibitin koyarwa. Na shiga ofishinsa na riga na shirya zuciyata cewa za a sa mini ranar aiki, sai ya duba takarduna ya ce: "Baba, ba za mu taɓa ka yanzu ba. Za mu riƙa aunawa." Gaskiya raina ya ɓaci. Na ɗauka ya ga ni ɗan kasuwa ne daga Arewa, ya yanke hukuncin ba ni da kuɗin aikin, shi ya sa yake sallamata da daɗin baki. Wannan zato nawa kuskure ne, kuma saboda shi ne na ɗauki alƙalami, domin na san Bahaushe da yawa zai fita daga irin wannan ofis da irin wannan zato, ko dai ya tafi neman wanda zai yanka shi ko ta halin ƙaƙa, ko kuwa ya ce tunda ba a yi masa komai ba ashe babu komai, ya daina zuwa awo.

Abin da likitan ya fahimtar da ni, wanda daga baya na bi na karanta tare da 'yata ma'aikaciyar jinya, shi ne cewa haɗari biyu ake ɗorawa a kan sikeli. A gefe ɗaya akwai haɗarin fashewa, a ɗaya gefen kuma akwai haɗarin tiyatar kanta, domin aiki ne babba da ake matse jijiyar da ke ciyar da rabin jiki, kuma yakan taɓa zuciya da ƙoda da huhu. Muddin kumburin ƙarami ne, wuƙar likita ta fi shi haɗari. Ba da ka aka faɗi wannan ba. A Birtaniya an raba marasa lafiya 1,090 masu kumburi tsakanin santimita 4 da 5.5 gida biyu, aka yi wa kashi ɗaya tiyata da wuri, ɗaya kashin kuma aka riƙa bin su da awo, sakamakon ya fito a 1998. Kusan shida cikin ɗari na waɗanda aka gaggauta yi wa aiki sun rasu cikin wata ɗaya da yin sa, alhali cikin masu jira wajen mutum ɗaya cikin ɗari ne nasa ke fashewa a shekara, kuma da aka bi su tsawon shekaru ba a ga gaggawar ta ƙara wa kowa kwana ba. Wani bincike makamancinsa a kan tsofaffin sojojin Amurka, wanda ya fito a 2002, ya zo da irin wannan sakamako. Daga nan ne lambar 5.5 ta zama iyaka ga maza. Bayan wannan iyaka sikelin yakan juya, domin gwargwadon buɗewar jijiya gwargwadon yadda jini ke ƙara jan bangonta, kuma kumburin da ya wuce santimita 6 ko 7 ba abin da za a kwana da shi da natsuwa ba ne.

Fahimtar wannan a ofishin likita abu ne mai sauƙi, kai shi gida ne wahala. Babban ɗana, wanda ke aiki a Apapa, ya tsaya kai da fata cewa a sayar da filin da nake da shi a gida a fita da ni Indiya ko Masar. Kullum maganarsa ita ce: "Baba, ta yaya za mu zauna muna kallon abu yana girma a cikinka, sai ya fashe sannan mu ce da mun sani?" Yayana kuwa, da na kira shi a waya, cewa ya yi: "Malam, kada ka yarda a buɗe maka ciki. Mutum yana tafiya da ƙafarsa, yana cin tuwonsa, me ya kai shi ga wuƙa? Kwana idan ya ƙare ya ƙare." Dukansu ƙauna ce ta sa su magana, kuma na daɗe ina kwana tsakanin maganganun nan biyu. Amma na lura cewa ɗana yana son a yi aikin ne don hankalinsa ya kwanta, Yaya kuma yana son a manta da zancen ne don nasa hankalin ya kwanta, kuma babu ɗayansu da ke duban lambar da ke kan takarda. Na gaya wa Yaya cewa ban yi musun ajali ba, sai dai addininmu bai hana neman magani ba, umarni ma ya yi da shi, kuma wanda Allah Ya nuna wa ɓaraka a bangon ɗakinsa tun kafin damina ba shi da hujjar cewa bai sani ba. Ɗana kuma na ce masa ya adana maganar filin, ranarta tana zuwa.

Jiran da likita yake nufi ba zaman naɗe hannu ba ne, aiki ne na kullum, kuma ya fi yadda na zata nauyi. Na fara da taba, wadda na sha fiye da shekara talatin. Babu abin da ya kai ta jawo wannan kumburi, kuma tana ƙara masa saurin girma da saurin fashewa, don haka ita ce abu ɗaya da ke hannuna ɗungurungum. Na yi wata huɗu ina faɗuwa ina tashi kafin na rabu da ita. Sai hawan jini, wanda a da nake shan maganinsa sai ranar da kaina ya yi ciwo, yanzu kuwa kullum ne, tare da maganin rage kitse a jini, kuma na sayi na'urar awo ina rubuta abin da ta nuna a littafi. Mai ɗakina ta rage gishiri da magi a miya. Da azumi ya zo na koma wurin likita ya tsara mini shan magungunan tsakanin sahur da buɗa-baki. A kasuwa kuma na daina sa hannu a ɗaga buhu, ko da 'yan dako sun yi ƙaranci mota tana jira, domin nishin da mutum ke yi ya riƙe numfashi wajen ɗaukar kaya mai nauyi yana harba jini sama a take. Tafiya a ƙasa kuwa an ce in yawaita, don haka nakan taka daga gida zuwa masallacin da ya fi nisa.

Akwai wani abu da nake so masu karatu su riƙe da kyau. A watan Disamba na 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wani rukunin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, wanda sifrofuloksasin yake cikinsa, yana iya ƙara haɗarin tsagewa ko fashewar wannan jijiya, kuma ta ce a guje shi ga masu kumburin sai idan babu wani madadinsa. Wannan shi ne maganin da masu kemis ke kira sifro, wanda a unguwanninmu da zarar mutum ya ce yana jin zazzaɓi da kasala sai a ce taifod ne a miƙo masa, ba gwaji ba takardar likita. Ni kaina na sha shi ban san iyaka ba. Yanzu duk inda za a rubuta mini magani sai na fara faɗin abin da nake ɗauke da shi, likita ya zaɓi wanda ya dace.

Sai awon kansa. A tsarin da ake bi a Ingila, mai kumburi daga santimita 3 zuwa 4.4 sau ɗaya ake auna shi a shekara, daga 4.5 zuwa 5.4 kuwa duk wata uku. Yawanci kumburin yakan ƙaru da milimita biyu ko uku a shekara, amma ba a kan layi ɗaya ba, yakan tsaya cik ya kuma zabura. Nawa ya tashi daga 4.3 zuwa 4.6, sannan 4.8, yanzu yana 5.0. Bara na yi kuskuren da ya girgiza gidana. Don gudun layi da kuɗin mota, na shiga wani ɗakin ɗaukar hoto kusa da mu, suka rubuta mini 5.4 alhali wata uku kafin nan 4.8 ne. A daren nan babu wanda ya runtsa, ɗana har ya fara neman dillalin fili. Da muka koma inda aka saba auna ni sai aka sami 4.9. Likita ya bayyana mana cewa idan aka karkata na'ura, ko aka auna daga wajen bango maimakon cikinsa, ana iya samun bambancin milimita da dama, kuma a wannan cuta milimita biyar ita ce tazarar da ke tsakanin komawa gida da shiga ɗakin tiyata. Tun daga ranar nake yin awo a wuri ɗaya, kuma duk takarduna suna cikin jaka ɗaya bisa jerin kwanan wata.

Tambayar da ta fi ci mini rai na yi wa likita ita kai tsaye. Na ce masa wannan lamba ta 5.5 an samo ta ne a ƙasashen da motar asibiti ke isowa cikin mintuna, mu kuwa a Legas mutum yana iya shafe awa biyu a gosulo, wato cunkoson motoci, tsakanin Ketu da Ikeja, shin bai kamata a rage mana iyakar ba? Amsarsa ta zauna mini. Ya ce ko a can ɗin, cikin mutum goma da kumburinsu ya fashe wajen takwas ba sa rayuwa, da yawansu ma ba sa kaiwa asibiti, don haka ba a kan saurin mota aka gina lissafin ba, an gina shi ne a kan yin aiki kafin fashewar ta zama abin tsammani. Kuma gosulo ba ya rage haɗarin tiyata ko kaɗan. Ni kuma abin da na fahimta da kaina shi ne, halin da muke ciki bai sauya ranar aiki ba, ranar fara shiri ya sauya. Baturen Ingila idan nasa ya kai 5.5 gwamnati ce za ta ɗauki nauyinsa cikin makonni. Ni idan na jira sai ya kai sannan na fara neman miliyoyin naira, da masu ba da jini, da gado, da likitan da bai riga ya bar ƙasar ba, zan iya cinye wata shida ko shekara a daidai lokacin da haɗarin ya fi yawa. Faɗuwar darajar naira tun 2023 kuma ta sa fita waje ta ninka tsada. Saboda haka tun da na taɓa 5.0 na fara shiri. An ɗauki hoton siti sikan don a ga siffar jijiyar dalla-dalla, an duba zuciyata da ƙodata, 'ya'yana maza sun gwada rukunin jininsu, kuma filin nan an yi masa kuɗi an sami mai so, sai dai ba a karɓi ko sisi ba tukuna.

Aikin kansa iri biyu ne. Na farko shi ne a buɗe ciki a ɗinka bututun roba na musamman a madadin wurin da ya kumbura. An fara gyara irin wannan kumburi cikin nasara a birnin Faris a 1951, a hannun likita Charles Dubost. Yana da wahalar jinya, mako ɗaya ko fiye a asibiti da watanni biyu zuwa uku kafin ƙarfi ya dawo, amma idan ya yi kyau yakan daɗe ba a sake waiwayarsa ba. Na biyu shi ne a zura bututu mai ragar ƙarfe ta jijiyar gindin cinya, a tura shi har cikin kumburin a buɗe shi kamar lema, jini ya riƙa bi ta cikinsa, hanyar da likita Juan Parodi na Ajantina ya shahara da ita tun 1990. Wannan ya fi sauƙi a farko, masu rasuwa a watan farko sun fi kaɗan, ana kuma sallamar mutum cikin kwanaki. Sai dai ba kowace siffar jijiya yake dacewa da ita ba, ya fi tsada, wuraren da ake yin sa a ƙasar nan kaɗan ne, kuma jini yana iya yoyo ta gefensa bayan shekaru, don haka mai shi ba ya rabuwa da ɗaukar hoto har ƙarshen rayuwarsa. Bayan shekaru masu yawa an ga hanyoyin biyu sun zo kusan kunnen doki wajen tsawon rai. Ni da nake tunanin komawa Zariya in tsufa, zuciyata ta fi karkata ga na farko, idan likitoci sun ga zuciyata da huhuna za su ɗauka, domin ban amince wa aljihuna da bin hoto na shekara ashirin ba.

Ga matsayar da na tara iyalina na gaya musu. Zan shiga tiyata idan awo ya kai 5.5, ko idan kumburin ya ƙaru da santimita ɗaya cikin shekara ɗaya, ko idan ya fara ciwo, ko da bai kai iyakar ba, domin kumburin da ya fara ciwo a ciki ko a baya gargaɗi yake yi. Kafin ɗaya daga cikin ukun nan ba zan bari tsoro ya kai ni ba, bayansu kuma ba zan bari tsoro ya hana ni ba. Na rubuta sunan cutar da rukunin jinina da lambar ɗana a kati, da Turanci da Yarabanci da Hausa, yana aljihuna kullum. Yaran shagona sun san cewa idan na yi kukan ciwon ciki ko baya mai tsanani farat ɗaya, ko na jiƙe da gumi na yanke jiki, ba ruwa za a yayyafa mini ba, ba kuma kemis za a je ba, a kira lambar agajin gaggawa 112 ko 767, ko a tari duk motar da ta samu a nufi babban asibiti, a kuma nuna katin tun daga ƙofa.

Kada wani ya ɗauki lambata ya auna kansa da ita. Mata ba su cika kamuwa ba, amma nasu yakan fashe yana ƙarami, shi ya sa likitoci da yawa kan fara maganar aiki gare su tun daga santimita 5. Kumburin da ke ɓangaren ƙirji lissafinsa daban ne, haka ma na masu larurar gado irin ta Marfan, waɗanda sau da yawa dogaye ne masu dogayen yatsu, kuma takan kama su tun suna matasa. Akwai kuma tsohon da zuciyarsa ko ƙodarsa ta yi raunin da tiyata ta fi kumburin haɗari gare shi ko da ya wuce iyaka, kuma idan irin wannan ya zaɓi a bar shi, bai kamata iyali su ɗora masa laifi ba.

Ya Edita, Ingila ta fara gayyatar duk namijin da ya kai shekara 65 ya zo a yi masa wannan sikanin kyauta tun 2009, Amurka kuma tana shawartar maza 'yan 65 zuwa 75 da suka taɓa shan taba su yi shi sau ɗaya. Awo ne na 'yan mintuna, ba allura ba zafi, da irin na'urar da ake duba masu juna biyu, wadda babu unguwar da ba ta a Legas. A Mile 12 da Alaba Rago da Idi-Araba da Agege akwai ɗaruruwan dattawanmu da suka sha taba rabin rayuwarsu, suna fama da hawan jini, har yanzu kuma suna taya yara ɗaga kaya. Ina roƙon sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su haɗa kai da likitoci a ware ranar awo, ina kuma roƙon jaridarka ta gayyaci likitan tiyatar jijiyoyi ya amsa tambayoyin jama'a da Hausa a shafin lafiya, domin ni majinyaci ne, ba likita ba.

Awona na gaba ya faɗo bayan Babbar Sallah. Yaya yana da shekara 69, ubanmu ɗaya, kuma bai bar taba ba har yau. Shekara uku ina roƙonsa ya je a duba shi yana ƙi, sai makon jiya ya ce idan ya zo Legas bikin jikarsa zai raka ni asibiti, amma rakiya kawai. Na riga na biya kuɗin hoton mutum biyu.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Agege, Jihar Legas.